Kawu da Azumin Janar

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, ni aka zaunar kusa da Inna, matarsa, muna karɓar gaisuwa tare. Allah bai ba su haihuwa ba, ni kuwa 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsu na tashi tun daga yaye har aka kai ni ɗakin miji. Mata suna ta shigowa. Duk wadda ta durƙusa sai ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Mu amsa. Sai ta ɗan yi jim, ta gyara mayafi, ta rage murya ta ce, "To ya kifin?"

Ta farko na ƙyale ta. Ta biyu na harare ta. Kafin la'asar zuciyata ta kawo wuya, don na lura ba a cikin gida kaɗai ake yi ba. Mijina ya ce a waje ma haka maza suke. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun zo daga Kakuri, wasu daga Unguwar Sanusi, wasu har daga Kamazou suka taso da sandunansu, kowa ya yi ta'aziyya sai ya leƙa falo. Liman da kansa ya idar da addu'a, ya shafa, ya juya ya tambaya ko an tuna an canza wa kifi ruwa.

Mutum ya haura saba'in a duniya, ya yi sallah, ya yi zumunci, bai taɓa kwana da haƙƙin kowa ba, amma duk unguwarmu ta Makera babu abin da ta riƙe sai kifi! Na faɗa wa Inna haka. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ƙyale su. Da yana nan, shi zai fara tambaya."

Shi ya sa na ɗauki biro, don a san cewa Kawu ya wuce zancen kifi. Sai dai tun ban yi nisa ba na ga inda alƙalamin ya nufa, na kuma haƙura.

Kawu makanike ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, injinan saƙa yake gyarawa har ya yi ritaya. Gajere ne, mai sanƙo, kuma ƙarar injin ta cinye masa rabin kunne, don haka bai iya magana a hankali ba. In ya ce, "Zo in gaya miki wani sirri," to maƙwabta sukan dakatar da daka su saurara. Halaye biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya iya cin abinci wani yana kallonsa. Ko akuyar maƙwabta ce ta leƙo zaure yana cin tuwo, sai ya gutsura mata kafin ya kai loma. Inna ta sha cewa ita ba ta taɓa sanin tuwon mutum nawa take tuƙawa ba sai an wanke tukunya. Shi kuwa ya ce, "Mai baki zai roƙa. Marar baki kai za ka tuna da shi."

Na biyu shi ne riƙon ajiya. Akwai wani ɗaki a zaurenmu da ban taɓa ganin bangonsa ba, saboda kayan mutane. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki, wanda zai tafi Hajji, wadda ta yi yaji ba ta son miji ya sayar mata da keken ɗinki, duk wurin Kawu suke kawowa. Akwai wani keke da abokin aikinsa ya bar masa lokacin yaƙin basasa ya tafi garinsu. Duk Juma'a Kawu zai fito da shi, ya goge, ya sa masa mai, ya mayar, bai taɓa hawa ba. Yaran unguwa suka girma suna kallon keken nan kamar nama a rataye. Da mai shi ya dawo bayan shekaru, ya tarar da kekensa yana ƙyalli, sai ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka. Kawu ya tsaya a kansa yana ihu, wai rarrashi yake: "Mene ne na kuka? Ajiya ba ta tsufa, mai ita ne ke jinkiri!"

Ta wannan ƙofar kifi ya shigo gidanmu. Zamanin soja, akwai wani injiniya ɗan ƙasar Sin da Kawu ya yi aiki tare da shi. Da zai je gida hutu, ya ce zai dawo bayan 'yan watanni, sai ya damƙa wa Kawu akwatin gilashinsa mai kifayen ado a ciki, jajaye masu launin manja, da jela kamar gefen mayafi. Baba Direba ne ya ɗauko akwatin a mota. Baba Direba maƙwabcinmu ne katanga ɗaya, Kirista, mutumin wajen Zonkwa, shi ke tuƙa motar ma'aikata a masaƙar. Shi da Kawu sun fi shekara talatin suna zama a benci ɗaya da yamma, suna musu a kan duk abin da rediyo ta faɗa.

Inna ta zagaya akwatin, ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, waɗannan na miya ne ko na suya?"

"Ajiya ce!" in ji Kawu.

"To ajiyar da ke ci tana kashi, wannan ai ba ajiya ba ce, baƙo ne."

"To baƙonka Annabinka!"

Ɗan Sin bai dawo ba. Wata ya wuce, shekara ta wuce, ko wasiƙa babu. Kifayen suka yi ta tsufa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya mutu sai Kawu ya yini ba ya magana, wanda a gidanmu hutu ne ga kunne amma ba daɗi. A ƙarshe saura ɗaya, wani ƙato mai tumbi, wanda tun farko shi ke ture 'yan'uwansa ya cinye abincin. Don haka Kawu ya sa masa suna Janar. Wannan ɗayan shi ne duk abin da ya rage na ajiyar, kuma Kawu ya ɗaura wa ransa cewa in mutumin ya dawo ya tarar da akwati babu kowa, to sunan da ya gina tun yana saurayi ya rushe. Mu muna ganin abin dariya ne. Shi kuwa har ga Allah yake nufi.

Sai ga shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. A makon da ake ta shagalin rantsarwa, rediyo ba ta da zance sai shi, na je gaida su da safe na tarar da Kawu tsaye gaban akwati, hula a hannu. Janar ya kife. Yana saman ruwa, tumbi a sama, baya a ƙasa, yana ta kaɗa fiffike. Ya yunƙura ya nutsa, sai ya sake tasowa kamar an jefa gora a rijiya.

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Ya mutu? To alhamdu lillahi kifi ba ya buƙatar yanka. Bari in ɗora mai."

"Yana numfashi!" Kawu ya daka tsawa. "Ki ji tsoron Allah!"

Kafin azahar labari ya gama Makera, wai Janar ya kife ranar da soja suka sauka. Gani ya kori ji, mutane suka yi ta tururuwa. Mai shayin bakin titi ya ce shi tun da ya ga haka ya tabbata wannan karon sojan sun tafi ke nan. Wani sabon kansila ya zo da babbar riga da 'yan rakiya, ya tsaya gaban akwati ya yi jawabi a kan dimokuraɗiyya, ya yi alkawarin gwamnati za ta duba lamarin, ya sha ruwan sanyi ya tafi. Ina jin har yau gwamnatin tana dubawa. Wata tsohuwa ta ce baki ne ya kama shi, a zuba rubutu a ruwan. Baba Direba ya ce a garinsu in akuya ta kumbura manja ake ɗura mata. Kowa ya zama likita, kuma kowa kafin ya fita sai ya marmasa wani abu ya jefa wa marar lafiya, don ba a zuwa dubiya hannu rabbana.

Kawu kuwa makanike ne, duk abin da ya karkace a wurinsa sai an daidaita shi. Ya yanko soson tsohon silifas, ya samo wani ɗan ƙaramin noti, ya sa Inna dole ta ɗinka 'yar riga da ƙyallen atamfa, soso a baya, noti a ciki. Suka taru shi da Baba Direba suka sa wa Janar. Abin mamaki, ya miƙe! Ya zagaya akwatin a cikin atamfa mai zanen tauraro, yana tafe yana tangaɗi. Baba Direba ya yi dariya har ya faɗo daga kujera, yana cewa, "Malam, ka gani? Shi ma ya tuɓe kaki ya sa kayan farar hula. Zaɓe mai zuwa zai tsaya takara!" Ba a jima ba Janar ya sulale daga rigar, ya koma ya kife, rigar tana yawo ita kaɗai.

Ni na matsa aka tafi wurin likitan dabbobi a hayin kogi. Muka zuba Janar a robar fenti, muka shiga bas. Kwandasta ya ce sai an biya wa roba kujera, Kawu ya ce marar lafiya ne, fasinjoji suka leƙa, bas ta kaure da musu har muka haye gada.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni ba. Ta saba da karnuka da kaji, amma ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta duba Janar ta ce, "Baba, me yake ci?"

Nan Kawu ya gyara tsayuwa, don an zo inda ba ya jin kunya. "Abincinsa na gwangwani, safe da rana da yamma. Sai burodi. Sai ɗan ƙuli-ƙuli. In an yi ƙosai, ana ba shi. Ranar Juma'a gwaiduwar ƙwai. Bai taɓa kwana da yunwa a gidana ba, 'yata!"

"Shi ne ciwon," in ji ta.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Kifi yana da wata 'yar jakar iska a cikinsa, ita ke daidaita shi a ruwa. In ya ci ya ƙoshi fiye da kima, musamman busasshen abinci da ke kumbura a ciki, ga iskar da yake haɗiya in yana cafke abinci a saman ruwa, sai hanji ya cushe ya danne jakar, shi ke nan sai ya kife. Ta ce a rage ruwan akwatin don kada ya wahala, a tsabtace shi, kada ya yi sanyi ƙarara. A hana shi abinci gaba ɗaya kwana uku. Bayan nan a dafa koren waken nan da ake sa wa shinkafar biki, a ɓare, a marmasa masa kaɗan. In ya warke, a riƙa jiƙa abincinsa kafin a zuba don ya nutse, kuma ɗan kaɗan.

Kawu ya karkato kunnensa mai ji. "Kwana uku babu ci? Har da dare?"

"Har da dare, Baba."

"Ko buɗa-baki babu?"

"Babu. Ba zai mutu ba, wallahi. Cin ne zai kashe shi."

Ya ji sarai, ya kuma gane sarai, ni shaida ce. Muna sauka daga bas ya ce, "Boko dai boko ne. Allah da ya halicce mu bai taɓa ɗora wa bawa azumi babu buɗa-baki ba."

A gida ya tara mu ya kafa doka da muryar da aka ji har bakin titi: daga yau Janar yana azumi, duk wanda ya ba shi ko ƙwayar gero, ba shi ba shi. Aka rage ruwa, aka wanke akwati. Na koma gidana da kwanciyar hankali. Kwana uku suka cika, Janar yana nan a kife. Aka ƙara wasu kwanakin, sai ma tumbin ya daɗa tasowa yana sheƙi. Kawu ya rame, ya daina zama a benci, ya fara cewa in ɗan Sin ya zo da wane ido zai dube shi. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin likitar, har na shirya komawa in wanke ta tas. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ranar Asabar da rana ina gidan, Kawu ya dawo daga masallaci da wuri saboda hadari ya haɗo. Yana ɗaga labulen falo ya ga Baba Direba tsugune gaban akwati, yana marmasa burodi yana raɗa, "Ci maza, kafin ya dawo."

"Direba! Kai ne?"

Baba Direba ya miƙe, burodi a hannu, babu wurin ɓoyewa. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, sai ya hau faɗa. "E, ni ne! Haba Malam, kullum in shigo yana buɗe mini baki yana rufewa, yana kallona. Ni ba dutse ba ne! Ɗan burodi ne kawai na rana."

"Ka ci amanata! Ajiyar mutane za ka kashe mini!"

"Ni? To tsaya. Wa nake hangowa ta taga kullum in an kira magariba, yana zuba masa abinci cokali guda yana cewa a sha ruwa lafiya?"

Kawu ya buɗe baki ya rufe, shi ma kamar Janar ɗin. Can ya ce, "Wannan ai buɗa-baki ne. Daban ne."

"Na asuba fa?"

"Sahur ne! Ka taɓa ganin azumi babu sahur?"

Sai muka ji wani irin sauti daga ƙofar madafa. Inna ce ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Kawu ya juya ya ce, "Ke kuma lafiya?" Ta kasa riƙewa ta fashe da dariya har da hawaye. "Ni dai na hantsi ne nawa," in ji ta. "Ɗan ƙosai. Na ga ku duka kun yi masa taron dangi."

Wadda kullum take cewa za ta soya shi! Wato a kwanakin da aka ce kifin nan yana azumi, ya ci abin da bai taɓa ci ba tun da aka haife shi. Na dube su su uku, furfura ta gama kama kowa, na ce, "Wallahi ku ne ya kamata a kai wa likitar."

Da Inna Kawu bai iya dogon fushi ba, don ita ke riƙe da tukunya. Baba Direba ne ya kwashi kashinsa a hannu. Kawu ya ce kada ya sake taka masa falo. Baba Direba ya ce ko an roƙe shi ba zai zo ba. Da yamma kowa ya fito da kujerarsa ya zauna a ƙofar gidansa, benci yana tsakiya babu kowa, rediyo biyu suna faɗin labari ɗaya. Ban taɓa ganin haka ba tun da na yi wayo, kuma abin ya dame ni fiye da ciwon kifin.

Washegari Kawu ya kira ni ya miƙa mini gwangwanin abincin kifi ya ce in tafi da shi gidana, don bai yarda da hannunsa ba. Sannan ya ce, "Na gane. Ba yunwarsa ce ta dame ni ba, cin da nake yi yana kallona ne." Daga ranar ya ɗauki azumin nafila. In magariba ta yi sai ya yafa wa akwatin tsohon zanen Inna, ya tafi masallaci ya sha ruwa a can, ya ci abin da zai ci a zaure a tsaye kamar ɓarawo, ya goge baki sosai kafin ya shigo. Inna kuwa aka hana ta ratsa falo da kwano.

A rana ta uku da la'asar aka yi sallama. Baba Direba ne a bakin ƙofa, ya jiƙe da ruwan sama, da ɗan ƙulli a leda. Ya ce da ni, ba da Kawu ba, "'Yata, gaya wa kawunki na zagaye kasuwa biyu kafin in samo waken nan. Kuma ki gaya masa ni ma tun shekaranjiya ban karya ba sai yamma. Ba don shi ba, don Janar."

Kawu yana zaune taku biyu daga wurin. Ya ce, "Gaya masa ya shigo, iska tana shigar wa marar lafiya."

Inna ta dafa waken. Ban manta da tsofaffin nan biyu ba, kowa da tabarau a karan hanci, sun haɗa kai a kan ƙwayar wake ɗaya suna ɓarewa, suna musu a kan wa ya fi iya cire ɓawon. Da yake Janar yana kife ba ya iya kamo abinci, Kawu ya sa hannu a ruwa ya tallafe shi a tafinsa, Baba Direba ya kai masa waken baki da tsinke. Ya ci.

Da safe ina shara a gidana, layi biyu tsakaninmu, na ji muryar Kawu ta keto unguwa: "Ya yi kashi! Direba, fito, ya yi kashi!" Mutanen da ba su san zancen ba suka yi ta salati. Na zo na tarar da su biyu suna tafawa gaban akwati, Janar yana jan wani dogon zare a bayansa. Kafin yamma ya karkata gefe, washegari ya miƙe sosai, yana zagaya akwatinsa da izzarsa ta dā. Mai shayi ya ce wannan ba alama mai kyau ba ce ga farar hula. Kawu ya yi sadakar ƙosai, amma a waje aka raba.

Ba a cika shekara bayan haka ba ciwon ajali ya kama Kawu. A asibiti, da jikin ya yi nauyi, ya daina ihu, sai ka sunkuya kafin ka ji shi. Wannan ne ya fi komai karya mini zuciya. Ya sa aka kira masu kaya a ɗakin zaure, kowa ya karɓi nasa. Saura abu ɗaya da mai shi ba ya kusa. Ya dubi Inna ya ce, "Ga Janar nan. Ajiya ce."

Ta ce, "Malam, in ka kuskura ka tafi ka bar ni da shi, ranar zan soya shi."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba zai kai ki loma biyu ba." Kusan ita ce maganarsu ta ƙarshe.

To mu koma zaman makoki. Na ce kowa ya yi gaisuwa sai ya leƙa falo. Abin da ban lura ba, kowa kuma sai ya jefa wani abu. Wannan ya ce sadaka ce ga mamaci, wancan ya ce maraya ne, a tausaya masa. Gumba, waina, burodi, babu abin da bai shiga akwatin nan ba. Ranar sadakar uku na shiga ɗauko tabarma, na ga ruwan ya yi fari kamar kunu, Janar a sama, tumbi a sama.

Na fito a fusace zan tara wa jama'a mutane. Inna ta riƙe mini hannu. Tun rasuwar ba ta yi kuka ba, ba ta cika magana ba, har mata sun fara gulmar taurin zuciyarta. Ta tashi da mayafin takabarta, ta shiga falo, ta kwashe ruwan da kanta ta zuba sabo daidai rabi, ta ƙulle gwangwanin abincin a gefen zaninta. Sannan ta jawo tabarmarta gaban akwatin ta zauna. Daga ranar a nan ta karɓi gaisuwa. Duk wadda ta miƙa hannu wajen akwatin sai ta ji, "Allah ya ba da lada. Mayar da hannunki." Har matar liman ba ta tsira ba.

Na kawo mata tuwo da rana, ta ce in mayar. Na ce, "Inna, ke ba azumi kike ba, ga magani za ki sha." Ta ce, "Ba na iya ci yana kallona." Sai da na yafa wa akwatin tsohon zanen nan, ta koma ɗaki, sannan ta ɗan taɓa.

Baba Direba bai shigo ba, ya san ba a shiga wurin mai takaba. A bakin zaure ya tsaya ya miƙo mini ƙullin koren wake, ya ce, "Ki ce mata ta cire ɓawon sosai. Malam bai taɓa iyawa ba, ni nake gyara masa." Ya juya da sauri yana share ido da hularsa. Har yau shi kaɗai yake zama a bencin, a gefensa na dā, bai taɓa matsawa tsakiya ba.

Ni na riƙe tsinke, Inna ta tallafe Janar a tafinta. Ranar addu'ar bakwai da hantsi, gida cike da mata, ya karkata, ya yi wata 'yar girgiza, ya miƙe ya nutsa ƙasa abinsa. Inna ta bi shi da kallo ya kai bango ya dawo. Sai ta ce, "Malam, ya miƙe," da ƙarfi, yadda ake yi wa mai rabin kunne magana. A nan kukan da ta riƙe mako guda ya ɓalle, muka taru muka yi ta yi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi ajiyarsa kamar yadda ya riƙe ta mutane. Ya ciyar da shi a inda babu mai kallonsa da yunwa.

Bayan arba'in wani mai sayar da kifayen ado ya ji labari ya zo, ya ce a ba shi Janar ya kula da shi, tunda tsohuwa ba za ta iya wahalar canjin ruwa ba. Ni ma na goyi bayansa, don na ga bayanta yana ciwo. Inna ta ce, "Ba nawa ba ne da zan bayar. Ajiya ce, sai na sadu da mai ita."

Da mutumin ya tafi na ce, "Haba Inna, shekara nawa yanzu? Kina ganin ɗan Sin ɗin nan zai dawo?"

Tana jiƙa abincin kifi a murfin kwalba, ɗan kaɗan, yadda likita ta ce. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya yi miki zancen ɗan Sin? Ni ba shi ya ba ni ba."